Ranar da Baba Kwatance Ya Bar Bakin Ƙofa

A bakin ƙofar otal ɗin akwai wata kujerar katako mai hannu ɗaya, ɗayan hannun ya karye tun zamanin tsohon mai otal, kuma a kan kujerar nan Baba Kwatance yake zama. Asalin aikinsa shi ne ya buɗe wa baƙi ƙofa ya ce musu sannu da zuwa. Amma tun da aka sa ƙofar gilashi mai buɗe kanta, ba abin da ya rage masa na aiki sai bakinsa, bakin nan kuwa bai taɓa neman hutu ba. In ka fito daga otal ɗin da jaka a baya da hular rana a ka, to ka shiga hannu. Ko ruwan sha ka fito saya a kantin da ke kallon ƙofar, sai ya tsayar da kai ya koya maka yadda ake tsallaka titi.

Kafin ya samu kujerar nan kwandasta ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a rataye a ƙofar bas mai lamba tara, hannu ɗaya a jikin ƙarfe, ɗayan cike da canji, yana ƙwala sunayen unguwanni kamar mai kiran 'ya'yansa cin abinci. Ya san kowane rami na titi, ya san kwanar da fasinja ke amai, ya san ɗan sandan da ke barci a tsaye. Wata rana da damina ƙafarsa ta zame daga matakala, ya faɗo, ƙugunsa ya goce. Tsohon mai otal, wanda fasinjansa ne na kullum, ya tausaya masa, ya ba shi kujera da kaki mai maɓallan zinariyar ƙarya da ɗaki guda a bayan kicin. Nan ya tare da matarsa da ɗansu. Da farko yakan ɗingisa ya shiga gari ranar hutunsa. Da matar ta rasu, ɗan kuma ya girma ya kama aikin banki ya yi gidansa, sai Baba ya ga ba abin da zai je nema a waje. Abinci na fitowa daga kicin, mai aski na zuwa har ƙofa, masallaci na jikin katangar otal, magani kuma ɗansa ke kawowa.

Shekaru suka yi ta tafiya, gari ya yi ta rushewa ana sake gina shi, shi yana zaune. Ba wanda ya zo ya ba shi labari, shi ma bai nema ba, don a ganinsa mutumin da ake tambaya ba shi da dalilin tambayar wani.

Harsunan baƙi yana da su guntu-guntu, tsintar bakin ƙofa, inda kalma ta ƙare masa kuma sai hannu ya karɓa. Da wannan yake ba da shawara, kuma a faɗi gaskiya, wasu shawarwarin nasa ko likita bai fi shi ba.

"Kafin ka fita, ka shiga bayi," haka yake fara wa kowa, babba ko yaro. "Ko ba ka ji ba, ka je ka gwada. Garin mutane ba shi da daɗi ga mai riƙe da fitsari. Kuma kada ka shiga tasin farko da ya yi maka murmushi. Direban kirki ba shi da lokacin murmushi, yana can yana aiki."

Ya hana buɗe taswira a tsakiyar titi, wai daidai yake da ka rataya allo a wuya ka rubuta ga ni ku zo ku cuce ni. Ya hana tambayar hanya a wurin mutum biyu da ke tare, don za su ɓarke da gardama su manta da kai. A cikin bas, ya ce ka zauna inda direba zai iya ganinka a madubi, jakarka a cinya, ba a ƙasa ba, kuma in tsohuwa ta shigo ka tashi mata tun kafin ta fara yi maka kallon marar tarbiyya. Wajen tsallaka titi kuwa dabararsa ɗaya ce: ka nemi mace mai ɗauke da kaya niƙi-niƙi, ka laɓe a gefenta, in ta taka ka taka, don ba direban da ke son faɗa da ita.

Da a nan yake tsayawa, da har yau ana sa masa albarka. Matsalar tana farawa ne idan ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ɗaga yatsa zai yi kwatance.

"Ka miƙe sak sai ka ga silima. Kada ka shiga, fim ɗinsu tsoho ne. Ka yi hannun dama, za ka ji ƙamshin gidan burodi, ka bi ƙamshin. Daga nan sai shataletale mai hasumiyar agogo. Agogon ƙarya yake yi, kada ka yarda da shi, amma dai ka zagaye shi, ka fita ta inda mai gyaran laima yake zama."

Silimar nan an daɗe da mayar da ita kantin katifa. Mai gidan burodin ya mutu, 'ya'yansa sun sayar da filin. Mai gyaran laima kuwa, in yana raye, to ya kai shekarun da ba ya iya riƙe allura. Baƙi sai su fita da murna, su yi ta shinshina iska suna neman ƙamshin burodi har rana ta yi tsaka, su dawo wujiga-wujiga da ƙafa a kumbure. Yawancinsu laifin kansu suke gani. Su wuce shi a bakin ƙofa suna sunkuyar da kai don kunya, shi kuma ya bi su da kallon malamin da ɗalibinsa ya faɗi jarrabawa.

"Ba sa saurare," in ji shi ga mai wankin otal, wata doguwar mace mai kaifin baki da yake kira Uwar Kumfa. "Ka yi wa mutum bayani dalla-dalla, ya je ya yi son ransa."

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji ta, tana rungume da zannuwan gado. "Rabonka da wuce kwanar can tun ina da haƙora duka."

"Gari ai ba ya tashi ya gudu."

"To, zauna nan."

Abin da ya fara ɓata masa kasuwa waya ce. Baƙin yanzu sai su fito kansu a duƙe, wata mata a cikin wayar tana gaya musu su yi dama su yi hagu, su wuce shi kamar tukunyar fulawa. Wannan ya ƙona masa rai ƙwarai. Ya koma farautar tsofaffi da waɗanda layinsu ya ƙi aiki a ƙasar mutane, yana tare su tun daga matakala. Su kuma da suka gano ba su ne marasa kai ba, sai suka fara rubutawa a intanet.

Mai kula da otal ɗin yanzu 'yar tsohon mai otal ce. Kowa Manaja yake ce mata, har shi, duk da cewa a kafaɗarsa ta koyi leƙen titi, kuma tare da ɗansa suka tashi har take ce wa ɗan Yaya. Wata safiya ta kira shi ofis, ta ba shi kujera mai laushi, abin da ya sa ya sha jinin jikinsa tun kafin ta buɗe baki. Ta juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Baba, saurari wannan. 'Ɗaki mai tsabta, abinci ba laifi. Amma ku guji tsohon da ke bakin ƙofa. Ya tura mu silima, muka ƙare a kantin katifa, har mijina ya kusa sayen matashi don kunya.' Tauraro ɗaya suka ba mu."

"Su wa ya ba su taurarin da suke rabawa?"

"Ga wani. 'Mun tambayi mutum bakwai inda hasumiyar agogo take. Wata tsohuwa ce kaɗai ta tuna, ita ma sai da ta yi kuka.'"

"Kin gani? Tsohuwar ta sani."

Manaja ta cire tabarau ta murza idanunta. Tana son tsohon nan, shi ma ya san da haka, kuma da wannan sanin ya daɗe yana cin karensa ba babbaka. Amma ranar muryarta ba wasa a ciki.

"Baba, wallahi ba na so in yi maka rashin kunya. Ka buɗe ƙofa, ko ka bar ta ta buɗe kanta, ka yi murmushi, shi ke nan. Amma in aka sake kawo ƙara ɗaya a kan kwatancenka, zan kira Yaya ya zo ya ɗauke ka. Ya daɗe yana roƙona. Ɗakin ma kuku na nema, ba shi da wurin ajiye firiza."

Ya fito jikinsa a sanyaye. Ya san gidan ɗan nasa, can bayan gari, hawa na huɗu, inda taga ke kallon bangon wani gidan. Ya san za a zaunar da shi a falo gaban talabijin, surukarsa na tambayarsa ko ya sha magani, jikoki na tsallake ƙafarsa, kuma daga safe har dare ba mahaluƙin da zai tambaye shi hanyar ko'ina. A ɗakin bayan kicin matarsa ta cika. Tunanin a jibge firiza a inda gadonta yake ya hana shi cin abincin rana.

Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Kwanaki ya yi yana murmushi kamar mai ciwon haƙori, baƙi na wucewa, kwatance na taruwa a cikinsa. Uwar Kumfa ta ce in bai yi hankali ba zai fashe.

Sai ga wani likitan haƙori mai ritaya da matarsa sun sauko da akwatuna biyu masu taya. Daga wata ƙasa mai sanyi suka zo, sun gama kwanakinsu, za su kama jirgin ƙasa na yamma zuwa bakin teku. Likitan gajere ne mai jan wuya, irin mutanen da ke duba agogo ko suna cikin wanka. Matar kuwa doguwa ce mai fara'a, komai ta gani sai ta ɗauki hotonsa, har kwandon shara. Wayarsu ta ƙi kama layi tun ranar da suka sauka. Matar ta nufo Baba kai tsaye ta tambaye shi yadda ake zuwa tashar jirgin ƙasa a bas, wai tana so ta ga gari yadda mutanen gari ke ganinsa.

Tashar jirgin ƙasa! A duk kwatancensa ba wanda yake alfahari da shi kamar wannan, don ba a taɓa kawo ƙara a kansa ba ko sau ɗaya. Bai taɓa zama ya yi tunanin cewa wanda ya nufi tasha da akwatinsa ba ya dawowa ya ba da labari ba.

Yatsansa ya tashi da kansa. Ya kai ga "ku shiga lamba tara" ke nan sai ya ji takun takalmin Manaja a bayansa.

"Baba."

"Tambayata aka yi."

"A kira musu tasi."

Matar likita ta ce ita fa bas take so. Likitan ya duba agogo. Baba ya dubi Manaja, ya dubi Uwar Kumfa da ta leƙo ta tagar ɗakin wanki tana jiran abin dariya, zuciya ta ɗebe shi.

"Kin ce kada in yi kwatance, ban yi ba. Da ƙafata zan kai su. In na sa su a jirgi na dawo, sai ki gaya wa kwamfutarki."

"Baba, ƙugunka."

"Ƙuguna ya san hanya."

Uwar Kumfa ta tafa hannu. "Jama'a ku fito, kujera za ta sha iska! Baba, a ɗaura maka igiya a ƙafa ko za ka iya dawowa?"

Bai kula ta ba. Ya goge maɓallansa da hannun riga, ya ɗauki sandarsa, ya wuce gaba, baƙi na biye da shi, tayoyin akwati na gurnani a kan titi.

Daga kwanar farko abubuwa suka fara yi masa rashin kunya. Inda ya san ana jiran bas ya tarar da rumfar masu sayar da rigar waya. Ya tsaya a gabanta da ƙarfin hali kamar dama nan ya nufa, har Allah ya taimake shi ya hango bas mai lamba tara ta tsaya a can tsallake. Ya ja baƙinsa suka tsallaka, ba tare da sun jira wata mace mai kaya ba, wani mai babur ya zage su su uku a jimla ɗaya.

Bas ɗin ba ta da kwandasta. Wannan ne abin da ya fara girgiza shi. Ƙofa ta buɗe kanta, ita ma, ba kowa a rataye a jikinta. Ya miƙa wa direba kuɗi, direban ko kallonsa bai yi ba, ya nuna masa wani ɗan akwati mai ƙyalli da haɓa.

"Kati, Baba."

"Katin me? Asibiti na zo?"

Mutanen da ke bayansu suka fara tsaki. Wata mata mai kayan ma'aikatan jinya ta miƙo hannu ta saman kafaɗarsa ta taɓa katinta sau uku, akwatin ya yi ƙara sau uku, ta ce, "Ku wuce, don Allah, mun makara." Baba ya juya ya shaida wa baƙinsa cewa haka mutanen garin nan suke, sun san shi, ba sa bari ya biya. Matar likita ta ɗauki hoton ma'aikaciyar jinyar.

Ya zaunar da su inda direba zai gan su a madubi, shi kuma ya tsaya kusa da ƙofa, inda jikinsa ya saba. Bas ta tashi. Ya buɗe baki zai fara nuna musu gari, sai wata murya ta mace ta fito daga rufin motar ta kira sunan tasha ta gaba. Bai taɓa jin sunan ba. Ta kira na biyu, shi ma haka. Ya leƙa ta taga yana neman silima, ko da katifa ce a cikinta, bai ga komai ba sai gilashi a kan gilashi, da hotunan mutane masu fararen haƙora suna tallar abin da bai gane ba. Duk da haka bai yi shiru ba. Ya nuna wani dogon bene ya ce nan ne gidan burodi. Likitan ya tambaya a wane hawa. Baba ya yi kamar kalmar ba ta cikin waɗanda ya tsinta.

Can sai bas ta fara hawa. Ta hau, ta hau, har rufin gidaje ya koma ƙasa da su. Gadar sama ce, doguwa, mai lanƙwasa kamar lauje, kuma a iya saninsa lamba tara ba ta taɓa barin ƙasa ba. Ta tsakanin wasu benaye biyu ya hango jan rufin tashar jirgin ƙasa, rufin da ko a mafarki zai gane shi, yana wucewa ta hannun hagu, yana komawa baya.

Abin da kwandasta ke yi in yana so mota ta tsaya shi ya yi. Ya ware tafin hannu ya ɗaɗa wa jikin bas ɗin duka biyu masu kyau, ya ƙwala, "Akwai sauka!"

Motar ta yi tsit. Wani jariri ya fashe da kuka. Direba ya kalle shi ta madubi.

"Baba, lafiya? Motar gwamnati kake duka?"

"Na ce akwai sauka!"

"A kan gada? Ka danna maɓalli ka jira tasha kamar kowa."

Sai da suka gangara can ƙasa, nesa, kafin ƙofa ta ga dama ta buɗe. Suka sauka a wata unguwa mai shagunan tayoyi. Likitan ya nuna masa agogo, wuyansa ya ƙara ja. Baba ya ce wannan gajeriyar hanya ce, 'yan gari kaɗai suka san ta. Ya sa jan rufin a gaba, in ya ɓace masa a bayan wani gini sai ya bi inda zuciyarsa ta ba shi. Suka ratsa ta wurin wankin mota, suka bi ta bayan wata makaranta, tayar akwatin likita ɗaya ta cire a wani rami, ya koma ɗaukarsa a ka yana faɗin wasu kalmomi da Baba ya sani sarai, don irinsu ne baƙi suka fi yarwa a bakin ƙofa. Ƙugunsa na sukarsa kamar ana caka masa ƙusa, amma ya yi ta maza.

Da suka sha kwana ta ƙarshe, ga tasha nan tsaye, da jan rufinta da manyan ginshiƙanta, an ma yi mata sabon fenti. Daɗi ya kama Baba har ya manta da ƙugu. Ya ɗaga sanda ya nuna ta, ya dubi likitan sama da ƙasa, ya shige gaba kamar shi ya gina ta.

Sanyin na'ura ne ya fara dukan fuskarsa, sai kiɗa mai taushi. Inda layin dogo yake an shimfiɗa farin dutse mai sheƙi, an jera shagunan takalma da turare hagu da dama. Wata matakala na tafiya da kanta tana kai mutane sama. Jirgi ɗaya ne a wurin, ɗan ƙarami mai launin alewa, yana zagaya wani wurin wasa da yara a cikinsa suna ɗaga hannu.

Ya tsaya cak. Idonsa ya tafi kusurwar dama, ga tagar sayar da tikiti nan, ba a taɓa ta ba, har da ƙarafunanta na tagulla. A bayan tagar nan ya fara ganin matarsa. Ita ke sayar da tikiti, shi kuma kullum in lamba tara ta tsaya a tasha sai ya ruga ya tambaye ta lokacin jirgin da ba zai hau ba, har ranar da ta ce masa ko dai ya sayi tikiti ko ya turo manyansa. Yanzu wata yarinya ce a ciki da hular takarda, tana zuba wa mutane askirim. Baƙin ciki ya taso masa, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fita da ita daga ɗakin bayan kicin, kuma a karo na farko a ranar bakinsa ya mutu.

Mai gadin wurin ne ya yi wa likitan bayani. Tashar ta tashi tun tuni, an kai ta bayan gari, kusa da filin jirgin sama. Lamba tara ma can take ƙarewa, da sun yi zamansu a ciki da yanzu suna kan dandamali suna shan shayi. Ya ce ba su ne na farko ba, lokaci-lokaci yakan ga baƙi sun shigo da akwatuna suna neman jirgi, ya daɗe yana mamakin wane ɗan banza ne ke turo su.

Likitan bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya ari wayar mai gadi, ya ciro katin otal daga aljihu, ya buga, ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma, kamar yana cire haƙori. Da ya gama ya miƙa wa Baba wayar.

"Baba." Muryar Manaja ce, ba faɗa a cikinta. "Kana lafiya? Ƙugun fa?"

"Lafiya lau."

"Na ce mai gadi ya sa su a tasi, otal zai biya. In sun yi sauri za su samu." Baba yana jin ƙarar injin wanki daga can bayanta. "Zan kira Yaya. Gobe da safe sai ya zo da mota. Uwar Kumfa za ta taya ka haɗa kaya."

"To."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ka shiga tasi kai ma ka dawo gida."

"Ni? Tasi? A garin nan?" Sauran ƙarfin da ya rage masa ke nan, ya kashe shi a kan wannan. Ya mayar wa mai gadi wayarsa.

Matar likita ta riƙe hannunsa da hannayenta biyu, ta ce ba ta taɓa yin yawo mai daɗin na yau ba, kuma da alama da gaske take, abin da ya fi zagi ciwo. Mijin ya ja ta. Tasi ya tafi da su da akwatinsu mai taya ɗaya.

Baba ya ɗan zauna a bakin wani shagon takalma har mai shagon ya fara yi masa kallon za ka saya ko za ka tashi. Ya tashi. Ƙofofin wurin duk iri ɗaya ne, duk masu buɗe kansu, ya fita ta wadda ta fi kusa. Ba ta nan suka shigo ba. Wani ƙaton fili ne cike da motoci a jere, bayansa titi mai hannu huɗu, bayan titin kuma benaye. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya nemi gadar da suka bi, ya ga gadoji biyu. Ya san otal ɗin na nan wani wuri, da kujerarsa a bakin ƙofa, da daren ƙarshe da ya rage masa a ɗakinsa, amma ko da za a yanka shi bai san ta wace fuska ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin na yaron da ya saki hannun uwarsa a kasuwa.

Wata mata mai sharar filin motocin, da rigar aiki mai ruwan lemo, ta daɗe tana kallonsa yana juyi a wuri ɗaya. Ta matso tana jan tsintsiyarta.

"Sannu, Baba. Wani wuri kake nema?"

Ya gaya mata sunan otal ɗin, a hankali, kamar mai faɗin abin kunya.

"Kai, ai ka yi nisa." Ta dube shi, da hularsa da maɓallansa da ƙurar da ta hau takalminsa. "Baƙo ne kai a garin nan?"

Ya buɗe baki zai wanke ta tas. Ya dubi titin, ya dubi gadojin nan biyu, ya rufe bakin.

"Eh, 'yata," ya ce. "Baƙo ne."

"Ayya. To saurara da kyau, kada ka ɓata."

Ta jingine tsintsiyar a jikin wata mota, ta ɗaga murya tana jan kalmomi yadda ake yi wa wanda bai ji harshen gari sosai ba, ta ɗaga yatsa ta fara nuna masa. Baba ya riƙe sandarsa da hannu biyu yana gyaɗa kai.

"Daga nan kuma sai ina?" ya ce.